Firiji Ya Yi Kwanci

Shekara shida yana jingine a zaure,
firijin da Inno ta yi sana'ar ƙanƙara da shi
har injinsa ya yi tari, ya yi shiru.
Ɓeraye suka gaje shi, ni kuma na zuba takalma.
Ɗan gwangwan ya taya sau uku,
sau uku ina cewa albarka.

Sai Luba ta zo hutu daga Birnin Kebbi
da 'yar fanka a jaka, ta cikin matacciyar kwamfuta.
Ta ce, "Baba, ara mini gawar nan."
Na ce, "Mi za ki yi da gawa?"
Ta ce, "Uwa."

Ta wanke shi da toka da ruwan zafi,
ta huda masa hanci huɗu da ƙusa don ya sha iska,
ta rataya ƙwan fitila biyu a rufinsa,
tasar ruwa a ƙasa, ma'aunin zafi a tsakiya,
batirin mota kuwa aro ne daga Ɗantani mai faci,
da sharaɗin zabuwa biyu in abin ya yi.

Ran Juma'a ta kutsa kasuwar Jega
ta dawo da ƙwan zabi arba'in a ƙwarya, cikin ƙaiƙayi.
Na yi dariya har hulata ta karkace:
ƙwai zai kwanta wa ƙwai,
na gilashi ya ɗumama na zabuwa,
gidan sanyi ya koma gidan ɗumi,
kuma namiji ne zai yi kwancin!
Majalisar ƙofar gida ta samu abin taunawa.

Ba ta tanka ba.
Ta ɗiga wa kowane ƙwai tawada a kunci guda,
tana juya su da asuba, da azahar, da isha,
kamar mai jinyar tsofaffi arba'in.
Talatin da bakwai da rabi, in ji ta,
ko ɗigo kada ya gota.

Dare na goma ta kira ni cikin duhu,
ta kafa tocila a gindin ƙwai ɗaya.
Na ga jijiyoyi ja sun yi rassa
kamar gulbin Zamfara in ya cika ya shiga fadama,
da wani ɗigo baƙi yana motsi.
Tun daga ranar ban ƙara dariya ba.

Dare na sha tara hadari ya taso daga gabas.
Wuta ta tafi, batirin Ɗantani ya bi ta.
Luba ta tsaya da hannu a ka.
Ni da na yi dariya, ni na hura gawayi,
Inno ta zazzago tsofaffin gorunan zoɓo,
muka ɗura ruwan ɗumi muka jera a ciki,
na lulluɓe firiji da bargona.
Mu uku, har kiran assalatu,
muna canjin ruwa, ba mai magana.

Kwana ashirin da bakwai, ina alwala,
na ji ƙarfe yana tsiwa.
Baki kamar tsinin allura ya fasa bango,
jiƙaƙƙe, mummuna, yana layi,
ya faɗi, ya tashi, ya taka ɗan'uwansa.

Ashirin da uku suka fito.
Sha bakwai baragurbi, na binne su bayan rumbu,
Luba ta rubuta su a littafi, ta ce laifin daren nan ne
da kuma kusurwar da fanka ba ta kaiwa.

Yanzu ta koma makaranta.
Ta bar mini takarda manne a ƙofar firiji
da ƙwai sittin, da lambar waya.
Jiya ɗan gwangwan ya sake leƙowa.
Na ce ya rage murya,
mai jego na ciki.